Samma'a Marar Igiya da Allon Jirgi: Wace Hanya Ta Fi Wa Mai Tafiya Tsakanin Jidda da Gida?

Bayan ƙaramar salla, yayata da ta zo umarar azumi ta koma Kano da wata tsaraba da ta fi ji da ita a cikin kayanta: samma'a marar igiya, irin ƙananan nan da ake cusawa a kunne, waɗanda a gida ake ce wa iyafis. Ni na raka ta Shari'a Falasɗin, wani titi a nan Jidda, inda shagunan waya suke jere, muka saya, na haɗa mata da wayarta. Washegarin saukarta sai ga kiranta. "Auta, abin nan fa bai tsinana mini komai a jirgi ba. Ga allo a gabana, ga karatun Alƙur'ani a ciki, ga fina-finai, na lalube ko'ina ban ga inda zan haɗa ba, sai wasu ramuka biyu a jikin hannun kujera." Na ce, "Yaya, ba su raba nasu ba?" Ta ce sun raba, ta sa, kafin awa ɗaya kunnuwanta sun yi zafi, ƙugin inji kuma ya danne muryar mai karatun, sai ta cire ta haƙura.

Abin ya tsaya mini a rai, domin ni na ba ta shawarar sayen, kuma na san matsalar tun da daɗewa. Shekaru ke nan ina zirga-zirga tsakanin Jidda da Kano, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, kuma kusan duk wata dabara ta jin sautin allon kujera na gwada ta da kuɗina. Tafiyar kai tsaye ma ba ta kasa awa huɗu da rabi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage suka koma kauce wa sararin samaniyar ƙasar, ta ƙara tsawo. Zaman da ya kai haka ya isa a yi masa shiri.

Tushen abin shi ne waya ta yi gaba ta bar jirgi a baya. A 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 babu ramin samma'a, a ƙarshen shekarar ya saki AirPods, tasa samma'ar marar igiya, sauran kamfanoni suka bi sahu, har ta kai yawancin manyan wayoyi a yau ba su da ramin nan na milimita 3.5. Shi kuwa allon jirgi ba a sauya shi kamar waya. In aka kafa shi a jikin kujeru yakan shekara goma ko fiye yana aiki, sauya shi kuma sai an ajiye jirgin an kwance kujeru, hukumomin sufurin sama sun duba sun sa hannu. Ga wata wahalar kuma. Bluetooth yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma yake, yana tsalle tsakanin tashoshi 79 don kauce wa karo da wasu na'urori. A ɗakinka wannan ba komai ba ne. A cikin jirgi mai mutum ɗari uku, kowa da allonsa da samma'arsa a kusa da juna, sai an yi wa abin tsari na musamman, kowace kujera ta rage ƙarfin abin da take watsawa don kada ta shiga ta maƙwabciyarta. Shi ya sa kamfanonin jirage suka daɗe ba su kawo shi ba.

Wasu suna tsoron ko haramun ne kunna Bluetooth a sama. Tun a 2013 hukumar sufurin sama ta Amurka ta sassauta dokar amfani da ƙananan na'urori a jirgi, har da na Bluetooth, ta Turai ma ta bi baya. Wayarka dai ta kasance a yanayin jirgi, daga nan ka sake kunna Bluetooth shi kaɗai. Sai dai kowane kamfani da ƙa'idarsa, wasu sukan ce a cire lokacin tashi da sauka, in ma'aikaciyar jirgi ta ce ka cire, ka cire babu gardama.

Samma'ar da ake rabawa kyauta ba sai na tsaya a kanta ba, kowa ya san ta. Ba ta cin batir, ta dace da ramin kujerar, ba ka biya ko halala ba. Amma soson bakinta siriri ne, ba ya tare ƙara, sai ka yi ta ƙara murya har ƙarshe kana neman jin magana. Ga wanda zai ɗan kalli taswirar tafiya ya yi barci, ta wadatar. Ga mai son sauraron sura guda cikin natsuwa, abin da ya sami Yaya shi zai same shi.

Hanya mafi araha da ta fi wannan ita ce ka zo da iyafis ɗinka mai igiya, tare da 'yar adafta mai ƙafa biyu. Wannan adafta ba ta kai girman ɗan yatsa ba, kuɗinta riyal kaɗan ne, ana samunta a shagunan waya na Jidda da Baɗha a Riyad, a Kano ma 'yan Farm Centre suna da ita in ka kwatanta musu. Dalilinta shi ne tsofaffin kujeru sun raba sautin gida biyu, rami ɗaya na kunnen dama, ɗaya na hagu. In ka cusa bakin iyafis ɗinka a rami ɗaya, sau da yawa kunne ɗaya ne zai yi magana. Adaftar ita ke haɗe su. Mai kyau ita ce wadda ƙafa ɗaya take lanƙwashewa, don in ka tarar da kujera mai rami ɗaya ka naɗe ta ka ci gaba.

Abubuwa biyu ake tuntuɓe da su a nan. Na farko, iyafis mai igiya da ake sayarwa yanzu da yawa bakinsu na USB-C ne ko na Lightning, irin na ramin caji, waɗannan ba za su shiga kujera ba ko da adafta. Zagayayyen baki na milimita 3.5 kake nema. Na biyu, wanda yake da makirfo na amsa kira yana da zobe uku a bakinsa maimakon biyu, kuma a wasu kujeru sai ka ji sautin ya dushe kamar daga cikin rijiya, kiɗa yana fita muryar mutane ba ta fita. In haka ta faru ka ɗan jawo bakin baya kaɗan, ko ka bi ta adafta. Ka kuma zaɓi mai robar da take toshe kunne sosai, domin toshewar nan ita kaɗai tana rage ƙugin inji fiye da yadda mutum zai zata. Aibinsa igiyar ce: ta sarƙe da bel, ta rataye a tiren abinci, in na kusa da taga zai fita bayi sai ka cire. Amma babu batir da zai mutu, babu haɗawa, murya kuma tana tafiya daidai da bakin mai magana.

Sai 'yar na'urar da mutane suka fi tambayata a kanta, wato tiransimita. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba, tana da ɗan guntun baki da ake cusawa a ramin kujera, ta karɓi sautin ta watsa shi ta Bluetooth zuwa samma'arka. Wadda ta fi suna ita ce AirFly ta kamfanin Twelve South. Ƙaramar, wadda take ɗaukar samma'a ɗaya, kamfanin ya sa mata kusan dala 35, babbar mai suna Pro kusan dala 55, wato riyal 200 da 'yan kai tunda dala tana kan riyal 3.75, kuma suna cewa batirinsu yana wuce awa 20. Akwai na Avantree da UGREEN da wasu da yawa a shagunan intanet irin su noon da Amazon, a ƙasa da haka. Ga mai AirPods ko Galaxy Buds da ya riga ya saba da su, wannan ita ce gadar da za ta kai shi allon kowane jirgi, tsoho ko sabo.

Kuskuren farko da ake yi tun a shago ake yin sa. Akwai wata na'ura da ta yi kama da ita kamar an tsaga kara, amma aikinta akasin haka ne: karɓar sauti take yi daga waya ta zuba a rediyon mota. Na taɓa shiga wani shago na ce ina son ta jirgi, yaron shagon ya miƙo mini ta mota da zuciya ɗaya, shi ma bai san da bambanci ba. Ka duba jikin kwalin. TX shi ne mai watsawa, shi kake so. RX mai karɓa ne. Wasu suna da maɓallin da yake juya su tsakanin biyun, in ka sayi irin wannan ka tabbata yana kan TX kafin ka fara zargin ta lalace.

Kuskure na biyu shi ne barin haɗawa sai an shiga jirgi. Yawancin waɗannan na'urori ba su da allo, 'yar fitila ce kawai take ƙiftawa, ba ta nuna maka sunan abin da ta kama. A wata tafiya ta dare na ga wani bawan Allah a gefena ya fi minti ashirin yana fama. Ya danna nan, ya buɗe akwatin samma'a, ya rufe, fitila tana ta ƙifta ja da shuɗi, samma'ar kuwa kullum sai ta koma wa wayarsa da ke aljihu, domin ita ta sani. Na ce, "Alhaji, kashe Bluetooth na wayar tukuna." Yana kashewa, ya riƙe maɓallin bayan akwatin har fitilar ta yi fari, nan take suka kama juna. Ka yi wannan a gida tun kana da sarari: ka cusa tiransimitar a talabijin ko kwamfuta, ka kashe Bluetooth na duk wayoyin da ke ɗakin, ka haɗa su sau ɗaya. Daga ranar sun san juna, a jirgi kunnawa kawai za ka yi. In ka bari sai cikin jirgi, ban da wahalar, tana iya kama samma'ar wani da yake nasa ƙoƙarin a kujerar baya.

Babban abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne jinkiri. Kafin sauti ya bi iska sai an dunƙule shi, a aika, a warware a kunne, wannan kuma yana cin lokaci. Da tsarin SBC, wanda kowace na'urar Bluetooth ta iya, jinkirin yakan kai wajen milisakan 200, kashi ɗaya cikin biyar na sakan ke nan. Ido kuwa yana fara lura tun murya ta makara da abin da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin goma. Wayarka tana ɓoye wannan, domin ta san da jinkirin sai ta ɗan riƙe hoton ya jira murya. Allon kujera bai san ka maƙala masa komai ba, don haka ba ya jira. Sakamakon shi ne baki ya motsa, magana ta biyo baya. Akwai tsarin aptX Low Latency na kamfanin Qualcomm da yake sauko da jinkirin zuwa wajen milisakan 40, kuma za ka ga an rubuta shi da manyan baƙaƙe a kwalin tiransimita. Amma sai ɓangarorin biyu duka sun iya shi. AirPods ba su iya aptX ba, SBC da AAC kawai suka sani, saboda haka mai AirPods da ya ƙara kuɗi domin wannan rubutu bai sayi komai ba.

Yaya girman wannan matsala? Ya danganta da abin da kake kallo. Karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙa, labarin dabbobi da mai bayani ba ya fitowa a hoto, duk ba za ka ji komai ba. Fim mai yawan hira da kyamara a kan fuska, nan ne abin yake damun wasu. Ni minti goma na farko nake lura, daga nan idona ya saba. Matata kuwa ba ta iya jurewa ko kaɗan, ta gwammace igiya. Wannan ma dalili ne na gwadawa a talabijin ɗin gida kafin ranar tafiya.

Akwai ƙananan abubuwa da sai wanda ya yi amfani da ita zai faɗa maka. Ita ma tana buƙatar adafta mai ƙafa biyu a tsofaffin kujeru, in ba haka ba kunne ɗaya za ka ji. In ka sa ta caji a ramin USB na kujerar alhali tana aiki, wasu sukan kawo wani zuuu a ƙarƙashin sautin, maganinsa ka cika ta tun daga gida. Ƙara murya da ragewa galibi a allon za ka yi, kuma ka fara daga ƙasa, domin sanarwar matuƙi tana katse fim ta shigo da ƙarfinta. Batir biyu kake kiwo yanzu, nata da na samma'a. AirPods Pro na biyu awa 6 kamfanin ya ce suna yi in an kunna rage ƙara, wato da ƙyar su kai ka Kano in ka fara tun daga ɗakin jira, a tafiya mai yada zango kuwa sai ka mayar da su akwati sun sha caji. Sannan ita ce abin da aka fi mantawa a jirgi. Ƙarama ce, tana rataye a gefen kujera, kana ta hanzarin sauko da jaka. Tawa ta farko haka ta tafi. Ta biyun na ɗaura mata jan zare mai tsawo ina maƙala shi a aljihun kujerar gaba inda fasfona yake. In kuma ƙwayar samma'a ta faɗa cikin ƙarfen kujera, kada ka motsa kujerar, ka kira ma'aikata, domin batirin litiyam ne a ciki, in ya matse yana iya kama wuta.

Inda tiransimita ta yi wa kowa zarra shi ne mutum biyu. Irin su AirFly Pro suna ɗaukar samma'a biyu a lokaci guda, miji da mata ko uwa da ɗa su kalli allo ɗaya. Bayan tafiya kuma ba ta zama a ajiye, tana aiki a tsohon talabijin in kana son kallo da dare ba ka tashi yara ba.

Wanda bai riga ya sayi komai ba, kuma yana da halin kashe kuɗi, ni babbar samma'a mai rufe kunne nake nuna masa, irin su Sony WH-1000XM4 da XM5 ko Bose QuietComfort. Marasa igiya ne, amma suna da ramin igiya a jikinsu, igiyar kuma tana cikin jakarsu. Da waya ka yi amfani da Bluetooth, a jirgi ka cusa igiya a kujera, babu jinkiri, babu haɗawa, babu na'ura ta uku. XM4 har da adaftar jirgi take zuwa, XM5 kuwa sai ka saya daban. Batirin na Sony awa 30 ne, ya isa zuwa da dawowa. AirPods Max ba sa cikin wannan sahu kai tsaye, ba su da ramin milimita 3.5, sai an sayi igiyarsu ta musamman daban.

Abin da kake biya a nan shi ne kashe ƙara, kuma asalin wannan fasaha a wurin Bose daga jirgi ta fito. A 1978 Amar Bose, wanda ya kafa kamfanin, yana cikin jirgi daga Turai zuwa Boston, aka ba shi samma'a, ƙugin inji ya hana shi jin komai, ya fara lissafin yadda za a soke ƙara da kishiyarta tun kafin su sauka. Makirfo ne yake sauraron ƙugin, na'urar ta fitar da sautin da yake soke shi. Ya fi tasiri a kan ƙara mai ɗorewa irin ta inji, kukan jariri da hirar maƙwabta kuwa ragewa kawai yake yi. Amfaninsa ya wuce jin daɗi. Ƙarar cikin jirgi a sama takan kai wajen desibel 80 a ma'aunin ƙarfin sauti, wanda yake son ya ji fim a kanta da samma'a marar toshewa dole ya haura haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa desibel 80 na awa 40 a mako a matsayin iyakar babba, yara kuma 75, kuma da an ɗan haura, lokacin da kunne zai jure yana raguwa da sauri. In ƙugin ya kwanta, sai ka ji komai da 'yar murya kaɗan, ka sauka kanka ba ya sarawa. Tsadarsu dai ba wasa ba ce, in ka leƙa shagunan Jarir ko eXtra za ka gani. Suna cin wuri a jakar hannu, suna sa gumi, ba a iya kwantar da kai gefe da su. Mata masu lulluɓi kuma su gwada a kan hijabi kafin su biya, domin in mayafi ya shiga tsakanin soso da kunne, rufewar ba ta cika, kashe ƙarar ma sai ya ragu. Ga mace da yawa ƙananan na cusawa sun fi sauƙi, a ƙarƙashin hijabin suke zama.

To, jiragen da allonsu yake da Bluetooth na kansa fa? Suna nan, suna ƙaruwa. United ta Amurka ta fara sa shi a sababbin jiragenta a 2021, Qatar Airways ma a shekarar ta kawo shi a Boeing 787-9, jiragen A350 na Emirates da suka fara aiki a farkon 2025 suna da shi. A 2023 Saudia ta sanar da cewa ta zaɓi sabon tsarin allon kujera na kamfanin Panasonic mai suna Astrova domin sabunta wasu manyan jiragenta, Riyadh Air ma shi ta ɗauka, kuma yana haɗuwa da samma'a marar igiya. In ka dace da irin wannan kujera, za ka ga alamar Bluetooth a gefen allo, ka taɓa, ka sa samma'arka a yanayin neman haɗi, sunanta ya fito, ka zaɓa. Ya fi tiransimita sauƙi, domin kana ganin abin da kake haɗawa. In za ka sauka ka cire haɗin.

Sai dai ban yarda mutum ya dogara da shi ba tukuna. Kamfani ɗaya yana da jirage iri-iri, sabo da tsoho, a wasu ma kujerun gaba ne kawai suke da shi. Sabuntawa jirgi-jirgi ake yi, shekaru take ɗauka, kuma ana iya sauya jirgin da aka rubuta a tikitinka ana gobe tafiya. Jiragen jigilar alhazai da yawa haya ake ɗauko su, wani da allo wani babu. Masu araha irin su flyadeal ba su da allo a bayan kujera gaba ɗaya, kowa da wayarsa.

Wannan ya kawo mu hanyar da matasa suka fi bi, wato a manta da allon jirgi, a sauke abin kallo da na sauraro a waya tun daga gida. Ba ka sayi komai ba, samma'arka tana aiki yadda ta saba, baki da murya suna tafiya tare, kuma abin da kake so da Hausa, tafsiri ne ko fim, a wayarka za ka same shi, da wuya allon jirgi ya ba ka. Kuɗin da kake biya batirin waya ne, ga shi kana buƙatarta da ka sauka, don biza da manhajar Nusuk ta masu umara da kiran mai ɗaukarka. Fawa banki kuma dokarsa ta tsananta. A jakar hannu kawai ake ɗaukarsa, iyakarsa ba tare da neman izini ba wat-awa 100, wajen mAh 27,000 ke nan, kuma Emirates ta hana amfani da shi a cikin jirgi tun 1 ga Oktoban 2025. Igiyar caji da za ta shiga ramin kujera ta fi shi amfani yanzu.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu fiye da sauran matafiya, kuma saboda shi nake jan kunnen duk wanda zai zo umara. Duk abin da aka haɗa da allon kujera, igiya ce ko tiransimita ko Bluetooth na jirgin, in za a yi sanarwa fim yana tsayawa, maganar ta shigo kunnenka. Wanda yake kan wayarsa, da samma'a mai kashe ƙara, babu abin da zai katse shi. A jiragen da suke shigowa Jidda ana sanar da kusantar miƙati domin masu niyya su shirya. Na taɓa zama kusa da wani saurayi sanye da harami, kunnuwansa a toshe, idonsa a kan waya, aka yi sanarwa ta farko aka yi ta biyu bai ɗago ba. Na taɓa kafaɗarsa na ce, "Malam, an ce miƙati ya kusa." Ya zabura ya cire, yana ta godiya, ya fara talbiyya. Da ya wuce bai yi niyya ba, da magana ta zama ta komawa miƙati ko yanka. In a waya za ka saurara, ka cire kunne ɗaya tun saura awa guda a sauka, ko ka roƙi na kusa da kai ya taɓa ka.

In aka ce in zaɓa wa mutane, ga yadda nake gani. Mafi yawanmu sau ɗaya ko biyu muke hawa jirgi a shekara, lokacin ijaza, wato hutun aiki, ko aikin hajji da umara, kuma ga irin wannan ban ga dalilin kashe riyal 200 a kan na'urar da za ta kwana a durowa wata goma sha ɗaya, batirinta yana lalacewa ba. Iyafis mai igiya mai toshe kunne da adafta mai ƙafa biyu sun biya buƙata, ga su ba sa neman a koya wa kowa. Tsofaffinmu musamman, kada a haɗa su da abin da sai an danna an jira fitila. Ɗan kasuwar da yake Jidda yau, Dubai gobe, Guwanzu jibi, kuma ya riga ya saba da AirPods ɗinsa, shi tiransimita ta dace da shi, ya sayi mai suna, ya haɗa a gida, ya karɓi ɗan jinkirin. Wanda zai sayi sabuwa domin doguwar tafiya, babba mai kashe ƙara da ramin igiya ita ce ba za ta ba shi kunya a kowane jirgi ba. Ko wacce ka ɗauka, adaftar nan ta kasance a jakarka, domin ukun duka suna nemanta a tsohuwar kujera.

Ita Yaya na tambaye ta me take saurare a jirgi, ta ce karatu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na ce to jinkiri ba zai dame ta ba, amma caji da haɗawa za su dame ta. Da wani maƙwabcinmu zai tafi gida na ba shi ƙaramar jaka ya kai mata: iyafis mai igiya da robobin kunne girma uku, da adafta biyu, ko ɗaya za ta ɓata. Marar igiyar kuma na ce ta bar wa wayarta, ta sauke surorin da take so kafin ta taso, in sun doshi miƙati ta cire.